Malam-buɗe-littafin ƙarfe: mai agogo ne da gaskiya ko maƙeri?

Ɗan Mai Agogo:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Labarin da Malama ta jefo mana ranar Asabar na karanta shi jiya bayan isha'i, kuma wallahi ya hana ni barci. Ina nufin "The Artist of the Beautiful" na Nathaniel Hawthorne, wanda ya fito a 1844. Ga waɗanda ba su samu sun duba ba, ga yadda yake.

Wani saurayi ne mai gyaran agogo, Owen Warland. Maigidansa da ya koya masa sana'a, tsoho Peter Hovenden, ya bar masa shago saboda idonsa ya yi rauni. Maimakon yaro ya riƙe sana'a, sai ya duƙufa dare da rana kan wani ɗan mitsitsin inji da babu wanda ya san amfaninsa. Yana son Annie, 'yar maigidan, amma bai taɓa buɗe baki ya faɗa ba. Can gefe ga Robert Danforth, maƙeri, ƙato, mai fara'a, wanda kowa ya san abin da hannunsa ke fitarwa. Sau da yawa aikin Owen yana rushewa. Akwai ranar da Annie ta kawo masa gyaran 'yar hular ƙarfen nan da masu ɗinki ke sa wa yatsa, ta taɓa injin da bakin allura kawai, aikin watanni ya tashi a banza. Ƙarshe dai maƙeri ya aure ta.

Bayan shekaru Owen ya zo gidansu da ɗan akwati. Da aka buɗe sai ga malam-buɗe-littafi na inji ya tashi yana shawagi a ɗaki, har Annie tana ta tambaya ko mai rai ne. Ya sauka a yatsan maƙeri lafiya lau. Da ya sauka a yatsan tsoho Peter sai launinsa ya dusashe kamar zai mutu. Daga ƙarshe jaririn Annie ya cafke shi ya matse. Uwa ta yi ƙara, kaka ya fashe da dariyar mugunta, uba ya ɓamɓare hannun yaro, sai ga ɓurɓushi mai ƙyalli. Shi kuwa Owen ko a jikinsa. Marubucin ya ce ai ya riga ya kama wani malam-buɗe-littafin da ya fi wannan, a cikin ransa.

Tambayata: wannan nasara ce, ko lallashin kai ne kawai?

Baban Khalifa:
Wa alaikumus salam. Ni ban ga abin muhawara ba. Mutane sun kawo maka agogonsu don su san lokacin buɗe shago da lokacin coci, kai kuma kana can kana bin ƙwari a daji. Wannan ai cin amana ne. Maƙerin ma ya faɗa a labarin, bugu ɗaya na masabarsa ya fi shekara biyar ɗin Owen amfani. Da 'yata ce ni ma maƙeri zan ba.

Malamar Adabi:
Baban Khalifa, ka zo daidai inda Hawthorne yake son mai karatu ya tsaya ya yi tuntuɓe. Amma ka lura da abu guda: Owen ba kasawa ya yi ba. Akwai lokacin da ya watsar da injin ya kama aikin mutane, har aka ba shi gyaran babban agogon hasumiyar cocin garin, ya saita shi yadda 'yan kasuwa da masu jinya duk suka yaba. Ya iya. Ƙi ya yi. Labarin bai ce maƙeri mugu ba ne, Danforth mutumin kirki ne ƙwarai, shi ya ƙera wa Owen 'yar uwar maƙerar da yake aiki a kanta. Abin da ake nunawa shi ne garin gaba ɗaya ma'auni ɗaya gare shi, wato "me zai yi mana?" Duk abin da bai hau wannan sikeli ba hauka ne a wurinsu.

Kuma ku tuna zamanin. Amurka ce ta jirgin ƙasa da masaƙu da injin tururi. A labarin an ce tun Owen yana yaro aka kai shi kallon injin tururi, ya dawo fuska a kwaɓe, zuciyarsa na tashi. Ba banza aka sa wannan ba.

Baban Khalifa:
To Malama, wanda ya iya ya ƙi ai ya fi laifi.

Almajirin Zaure:
Gafarta Malama, ni inda na tsaya daban ne. Mutum ya ce zai sa ruhi a cikin ƙarfe? Wannan ba gasa da Mahalicci ba ce? Na ji tsigar jikina ta tashi a wurin.

Malamar Adabi:
Ba kai kaɗai ba. Shi kansa Hawthorne wannan tsoron yana bin sa. Shekara ɗaya kafin wannan ya fitar da "The Birth-Mark", inda wani masanin kimiyya ya nace sai ya goge ɗan tabon da ke kuncin matarsa don ta zama ba ta da aibi. Tabo ya goge, mata ta mutu. Don haka mutumin bai ɗauki masu neman kamala a matsayin waliyyai ba. Owen ɗin ma ba a wanke shi tas ba, an nuna shi yana shan giya, an nuna shi da raina mutane.

Injiniya:
Ku yi haƙuri in shigo da lissafi. Duk wanda ya karanta da kyau zai ga wani layi da aka wuce da sauri: wani ɗan'uwan Owen ya mutu ya bar masa ɗan gado. Daga nan ne ya daina damuwa da masu kawo gyara. Wato ruhin nan da ake ta yabo, kuɗin mamaci ne ya ɗauki nauyinsa. Cire gadon ka gani ko za a yi shekara biyar ana goge fiffiken ƙwaro.

Ɗan Mai Agogo:
Injiniya ka taɓa ni a inda yake min ciwo. Bari in faɗi dalilin da ya sa labarin ya hana ni barci.

Mahaifina, Allah Ya ji ƙansa, gyaran agogo yake yi a bakin kasuwa. Ɗan tebur ne mai gilashi, da kujera, da gilashin nan da yake maƙalawa a ido ɗaya, da hantsaki. Duk agogon da ya mutu murus ba ya yar da kayan cikinsa, yana da gwangwanayen madara da yake tarawa, kowane da irin nasa. Da daddare in mun kwanta sai ya kunna fitilar ƙwai ya baje su a tabarma. Agogon bango yake haɗawa da kansa, mai 'yar ƙofa a sama, yana son da asuba ƙofar ta buɗe ɗan zakara ya leƙo. Zakaran da gwangwani ya yanka shi, ya shafa masa jan fenti a tukku. Ya fi shekara uku a kai. Babu wanda ya sa shi, babu wanda zai saya. Ina jin Inna tana faɗa ƙasa-ƙasa kan kananzir. Abokansa na kasuwa kuwa in sun gan shi yana gyangyaɗi da rana sai su ce, "Malam, zakara bai yi cara ba tukuna?"

Sai agogon batir mai araha ya cika gari, sana'ar ta durƙushe. Shi bai ci gadon kowa ba.

Maman Hanan:
Allah Ya ji ƙan Baba, Ya sa ya huta.

Baban Khalifa:
Amin. Ɗan'uwa ka yafe ni in maganata ta yi kaifi. Amma ka ga shi Baba bai bar tebur ba. Da rana yana neman na cefane, da dare yana nasa. Wannan daban.

Malamar Adabi:
Amin ya Allah. Kuma abin da Baban Khalifa ya faɗa yanzu shi ne rayuwar marubutan da kansu, sai dai su sun yi ta kukan cewa ranar tana cinye daren.

Ku dubi Hawthorne. Daga 1839 yana aikin kwastan a Boston, yana auna gawayi da gishirin da jiragen ruwa ke saukewa. A 1841 ya gudu wata gona da ake kira Brook Farm, inda wasu masu ilimi suka haɗa kuɗi don su yi noma tare su samu lokacin tunani da rubutu. Aka haɗa shi da kwasar taki. Ya gaji tiɓis, rubutu bai yiwu ba, bai cika shekara ba ya tattara. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. A 1846 ya sake samun kwastan, a garinsu Salem. A gabatarwar littafinsa "The Scarlet Letter" ya ba da labarin wannan ofis da kansa: ya ce tunaninsa ya zama kamar madubin da ya dusashe, in ya zauna zai rubuta, mutanen labarin sai su ƙi motsi, kamar suna ce masa ai ka sayar da baiwarka da 'yan kuɗin gwamnati, je ka ci albashinka.

A wannan gabatarwar ne kuma ya kawo kakanninsa, waɗancan masu tsananin addini, ɗaya daga cikinsu ma alƙali ne a shari'ar mayu ta Salem a 1692. Ya ce yana jin su suna tambayar juna a kabari: me jikan nan namu yake yi? Wai marubucin labarai! Wace irin sana'a ce wannan? Da ma goge ya kama.

Sai da gwamnati ta canza aka kore shi a 1849 sannan ya zauna ya rubuta littafin. Ya fito 1850, bugun farko kwafi 2,500 ya ƙare cikin kwana goma.

Ɗan Damagaram:
"Da ma goge ya kama." Wallahi kamar kakana na ji. Ashe ko'ina haka ne.

Injiniya:
Malama ki ƙarasa mana. Bayan ya yi suna me ya yi? Ya rubuta wa abokinsa na makaranta Franklin Pierce littafin yaƙin neman zaɓe a 1852. Pierce ya ci shugaban ƙasa, ya tura shi Liverpool a Ingila wakilin gwamnati, shekara huɗu. A tsawon wannan lokacin bai fitar da sabon ƙagaggen labari ba. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Mutumin da ya rubuta Owen ke nan fa. Ya san sarai maƙeri ne ke riƙe da gida.

Malamar Adabi:
Ban musa ba. Na Herman Melville ma ya fi ban tausayi. Ya fara da labaran yawon teku, "Typee" a 1846 da "Omoo" a 1847, mutane suka so su. Da ya soma nutso cikin abin da ransa ke so sai kasuwa ta juya masa baya. A 1851, yana tsakiyar "Moby-Dick", ya rubuta wa Hawthorne wasiƙa yana cewa dala ta la'ance shi: abin da yake son rubutawa ba ya kawo kuɗi, wancan da ke kawo kuɗin kuma ba zai iya ba gaba ɗaya, don haka littattafansa duk sun zama kwaɓaɓɓu. Littafin da yanzu ake karantarwa a jami'o'in duniya, kwafi dubu uku da 'yan kai ya sayar a duk rayuwarsa. Daga 1866 ya kama aikin duba kaya a tashar jiragen ruwan New York, dala 4 a rana, shekara 19. Ya rasu 1891 kusan an manta da shi.

Wani abin da ya ƙara kashe su: babu dokar da ta kare haƙƙin marubutan waje a Amurka sai 1891. Mai ɗab'i zai kwaso littafin Dickens daga Ingila ya buga kyauta. Me zai sa ya biya ɗan gida?

Maman Hanan:
Na yi shiru ina karantawa, amma yanzu dole in yi magana, don an zo unguwarmu.

Duk kuna ta jimamin maza biyu. To a wannan lokacin akwai waɗanda rubutu ya ciyar, mata ne. Susan Warner, Maria Cummins, Harriet Beecher Stowe da littafinta ya sayar da kwafi 300,000 a shekara guda. Me Hawthorne ya ce a kansu? Yana zaune a Liverpool yana cin albashin gwamnati a 1855 ya rubuta wa mai buga masa littafi cewa wani tsinannen gungun mata masu ƙazar-ƙazar da alƙalami sun mamaye Amurka, shi ba shi da rabo muddin jama'a na karanta shirmensu. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Ni na san ɗacin wannan kalma. Ina rubuta littafi a waya ina sayarwa, da shi nake biyan kuɗin makarantar yara tun rasuwar babansu. An taɓa gayyata ta wani taro, wani mai digiri ya miƙe ya ce irin namu ai adabin kasuwa ne, ba adabi ba. Na dawo gida na yi kuka, washegari na ci gaba da babi na goma sha bakwai saboda masu karatu sun biya.

Ku nemi "Ruth Hall" na Fanny Fern. Bazawara ce mai 'ya'ya biyu, dangin miji da nata duk suka yi watsi da ita, ta kama rubutu a jarida don su ci abinci, har ta tsaya da ƙafarta. Kusan rayuwar marubuciyar ce. Ita ba ta da lokacin jiran malam-buɗe-littafi.

Malamar Adabi:
Gaskiyarki ƙanwata. Don adalci dai, da Hawthorne ya karanta "Ruth Hall" ya janye a kanta, ya ce matar tana rubutu kamar da shaiɗan a jikinta, kuma a wurinsa yabo ne.

Maman Hanan:
Yabon da sai an haɗa da shaiɗan, Yaya? Na gode.

Kuma ga wani abu da na lura. 'Yar Hawthorne ta fari an haife ta a watan Maris 1844, labarin Owen ya fito bayan wata uku. Mutum yana gidan haya, kuɗin haya na neman gagararsa, ga jaririya na kuka, sai ya rubuta labarin da jariri ne ke murƙushe aikin mai fasaha. Ni dai na ce hmm. Matarsa Sophia ita ma mai zane ce fa. Da aka kore shi daga kwastan, ita ta riƙa yi wa murfin fitilu zane ana sayarwa. Shi ma Melville surukinsa babban alƙali ne, shi ya ranta masa kuɗin gonar da ya zauna ya yi "Moby-Dick", matan gidan kuma su ke kwafe masa rubutun da hannu. Zanen Sophia wa ya yi masa labari?

Baban Khalifa:
Hajiya kin gama magana. Ni da ke yau layi ɗaya muke.

Maman Hanan:
A'a Alhaji, kada ka ja ni. Kai cewa ka yi abin Owen banza ne. Ni ban ce banza ba ne. Da na ga wurin da abin ya tashi yana zagaya kan Annie sai da na ajiye waya na lumshe ido. Cewa na yi a faɗi wanda ya biya.

Injiniya:
To ga wanda babu mai biya masa. Malama, ki ba su labarin masana'antar ƙarfen nan, kin fi ni iya bayani.

Malamar Adabi:
"Life in the Iron Mills", na Rebecca Harding Davis. Ya fito a mujallar Atlantic Monthly a watan Afrilu 1861, watan da yaƙin basasar Amurka ya ɓarke. Ta tashi a Wheeling, garin masana'antu, hayaƙin ta shaƙa da hancinta.

Hugh Wolfe lebura ne a gidan narka ƙarfe, tarin fuka na cin sa. In ya samu ɗan sarari sai ya ɗauki kashin ƙarfen da ake zubarwa ya riƙa sassaƙa shi da wata dakusasshiyar wuƙa. In ya gama yakan farfasa. Abokan aiki na yi masa dariya, suna ganin sa kamar mace. Wani dare manyan mutane suka zo zagaya, ɗan mai masana'anta da wani likita da wani baƙo mai ilimi. Suka yi kiciɓis da siffar wata mata a duhu, tsugune, hannuwa a miƙe, har suka tsorata. Suka tambaye shi me take nufi. Ya ce yunwa take ji. Likita ya ce ai jikinta ba na mai yunwa ba ne. Ya ce ba yunwar nama ba.

A nan ne abin yake. Duk sun gane baiwa ce. Likita ya ce masa kana iya zama babban mai sassaƙa. Hugh ya ce, za ka taimake ni? Likita ya ce shi ba shi da hali. Ɗan mai masana'anta ya ce shi tsakaninsa da ma'aikata biyan albashi ne ranar Asabar. Suka hau keken doki suka tafi. Deborah, 'yar'uwarsa mai ƙusumbi da ta kawo masa abinci cikin ruwan sama, ta ji ana cewa kuɗi ne magani, sai ta zare kuɗi daga aljihun baƙon ta ba shi. Ya kwana yana yawo da su yana kokawa da zuciyarsa. Aka kama shi, aka yanke masa shekara 19. A kurkuku ya wasa guntun gwangwani a jikin ƙarfen taga ya yanke jijiyarsa.

Shekara 17 ne tsakaninsa da labarin Owen. A can jama'a ba su gane ba. A nan sun gane sarai, suka yaba, suka wuce.

Almajirin Zaure:
Innalillahi. Wannan likitan ya fi tsoho Peter mugunta. Shi Peter ai bai sa wa yaro rai ba.

Ɗan Damagaram:
Ni kuma tsoron da nake ji wani ne. In an ba mutum kuɗin da lokacin, tabbas zai yi? Muna da wani a unguwa shekara goma yana cewa yana rubuta littafi, ko shafi ba mu gani ba.

Malamar Adabi:
Henry James ya riga ka, a 1873, "The Madonna of the Future". Ba'amurke mai zane a Florence ta Italiya, shekara ashirin yana shirin zana hoton da zai gagari duniya. Matar da yake son zanawa ta tsufa bai lura ba. Da aka shiga ɗakinsa, allon zanen fari fat, har ya tsattsage don tsufa. A gefe kuma ga wani yana ƙera 'yan mutum-mutumin kyanwa da biri yana sayarwa hankali kwance.

Baban Khalifa:
Mai kyanwa da biri nawa ne.

Shugaban Zaure:
Alhaji ka bar tsokana. Jama'a sha ɗaya ta wuce. Ɗan Mai Agogo, kai ka buɗe, kuma ka bar mu a rataye. Agogon Baba ya yi aiki kuwa?

Ɗan Mai Agogo:
Ranka ya daɗe, ya yi. Sai dai kullum yana baya da kamar minti goma, in ba a saita shi ba kwana uku, zakara sai rana ta fito yake leƙowa. Ranar farko da ƙofar ta buɗe Baba ya tashe mu duka, har maƙwabta suka shigo. Bai ce komai ba, yana tsaye da fitila a hannu yana murmushi. Da na karanta inda Owen ke kallon ɓurɓushin nan hankali kwance, fuskar Baba ta wannan asubar na gani, shi ya sa na kasa cewa lallashin kai ne.

Bayan rasuwarsa agogon ya tsaya, babu wanda ya san kansa. Muna tashi daga gidan wani ƙanena ya haɗa shi da tarkace ya sayar wa 'yan gwangwan. Mun yi wata biyu ba ma magana.

Maganar Maman Hanan ce ta sa ɗazu na tashi na leƙa ɗakin Inna, na tarar ba ta yi barci ba. Na ce Inna, kananzir ɗin da Baba ya riƙa ƙonawa lokacin agogon nan, wa ke saye? Ta ce wa kake zato, kuɗin ƙuli-ƙulina ne, kwalba ɗaya duk kwana biyu, kuma ko sau ɗaya bai tambaya ba. Na ce to me ya sa ba ki daina ba tunda kina faɗa? Ta harare ni ta ce in miƙo mata kwallar da ke saman sif. Ta buɗe, ta ɗaga tsofaffin zannuwa, sai ga zakaran a ƙulle cikin ƙyalle. Ashe tun kafin a sayar ta cire shi. Jan fentin tukkun yana nan.

Maman Hanan:
Don Allah ɗauko mana hotonsa.

Ɗan Mai Agogo:
Ta mayar ta rufe, ta ce in kashe mata fitila. Sai dai gobe in ta yarda.